Ranar da Aka Kunna Na'urar Baba

Na karanta saƙonninku duka, har na waɗanda suka zage ni. Wata ta ce ina ja wa bawan Allah rai ne don na ga yana sona. Wani ya ce irina ne muke tsufa a gidan iyaye, daga baya mu dawo muna neman a taya mu da addu'a. Ban ji haushi ba, don Gwaggona ta faɗi abin da ya fi wannan zafi, kuma ido da ido ta faɗa mini. Ku dai saurari abin da ya faru ranar Alhamis ɗin da ta wuce, sannan ku yanke mini hukuncin da kuka ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara bibiyata: ni ce auta a gidanmu. Mu biyu Mama ta rasu ta bari, ni da Yaya. Baba farfesa ne a sashen fiziks kafin ya yi ritaya. Ciwon mantuwa ya fara masa da makullin mota da sunayen maƙwabta, ya bi ta kan hanyar gida, yanzu ya iso kaina. Na ajiye aikina na kantin magani na dawo na zauna da shi. Ni ce mai ba da magani, ni ce mai girki, ni ce mai ɓoye makullin ƙofar waje a cikin gwangwanin madara. Shi kuma wanda kuke faɗa a kansa, Dakta, ɗalibin Baba ne na ƙarshe. Ya samu aiki a wata cibiyar bincike a ƙasar waje. Suna jiran amsarsa kafin wata ya ƙare, shi kuma yana jiran tawa a kan maganar aurenmu.

Da safiyar ranar ina shafa wa Baba bota a burodi, yana zaune a kujerarsa ta jikin taga da shuɗiyar rigar sanyin da ba ya yarda a wanke. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Baiwar Allah, kina da kirki. A nan kusa kike?”

“A nan kusa nake, Baba.”

“Ki gaishe da mutanen gidanku.”

“Za su ji.”

Kar ku ce abin ya daina mini ciwo. Bai daina ba, na dai koyi inda zan ajiye fuskata.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta yi sallama da jakarta mai ƙaton zif da ledar lemo. Ta durƙusa ta gaishe da wanta, ya amsa mata da fara'ar da yake yi wa kowane baƙo. Na ga leɓenta ya motsa, ta miƙe da sauri ta ja ni kicin.

“Kin ba yaron nan amsa?”

“Gwaggo, ko ruwa ba ki sha ba.”

“Ba ruwa na zo sha ba. Ke, dube ni. Shekararki talatin ba ɗaya. Kin duba madubi kuwa? Duk kin zabge, wuyanki kamar na wadda ta tashi daga ciwo.”

“To in tafi in bar shi da wa?”

“Ɗa namiji gare shi, da ransa da lafiyarsa.” Ta ajiye ledar a kan teburi, muryarta ta sauka. “Auta, ni na yi jinyar kakarki har ta koma ga Allah. Ba na nadama. Amma da na ɗago kaina na duba, duk waɗanda suke jirana sun gaji sun tafi. Abin da nake gaya miki ba a littafi na karanta ba.”

Na jawo ledar na shiga juye lemon a kwano.

Kamar sun haɗa baki, sai ga saƙon murya daga Yaya. Na kunna a ƙasa-ƙasa. “Auta, na sa an gyara ɗakin ƙasa, an saka ƙarfen dafawa a banɗaki. Na samu nas namiji da zai riƙa wuni da shi. Don Allah ki daina yi kamar ke kaɗai ya haifa.” Yaya ba mugu ba ne. Sai dai wancan karon da muka gwada kai Baba gidansa, wuni ya yi yana bin bango yana neman ƙofar ɗakinsa, ya ƙi ci, ya ƙi sha, har sai da na je na ɗauko shi.

Ina tsaye da wayar a hannu wani saƙon ya shigo. Dakta.

“Barka da safiya. Ya jikin Malam?”

“Da sauƙi.”

“Ranar Litinin za a kwashe na'urarsa. Ɗakin za a mayar na kwamfutoci. Na daɗe ina lallaɓa ta, jiya ta tashi. Za ki iya kawo shi yau ya gan ta?”

Na karanta har sau uku. Na rubuta “ba zai gane ta ba”, na goge. Na rubuta “zai iya rikicewa”, na goge. Ƙarshe na tura, “Bayan azahar.”

Gwaggo ta leƙa wayar ta kan kafaɗata, ɗabi'arta ce tun ina ƙarama. “Wannan tsohon ƙarfen? Za ki tayar masa da hankali a banza. Mutumin da bai san ƙanwarsa ba, injin zai sani?”

“Ko bai sani ba, Gwaggo, ya sha iska.”

Bari in gaya muku mecece na'urar nan, don ni a gindinta na girma. Ina firamare Baba kan ɗauko ni daga makaranta ya ɗora ni a kan doguwar kujera a ɗakin gwajinsa, ya ba ni biskit ya ce kar in taɓa komai mai launin ja. Akwai wasu iskoki da yake kira masu ji da kai: argon, niyon, kirifton da danginsu. Ba sa haɗuwa da komai, ko da junansu, kowace ƙwaya ita kaɗai take yawonta. Na'urar kan zuƙe iskar da ke cikinta tas, sai a sako argon ɗan kaɗan daga tukunya. A ciki akwai wata siririyar waya irin ta tsohon ƙwan lantarki, in ta yi zafi sai ta yi ta harbo ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. In harbin ya yi ƙarfi sai ya fizge wa ƙwayar argon ilektiron guda, ta ɗauki caji, na'urar ta auna nauyinta ta nuna arba'in. Amma wani lokaci sai ta nuna tamanin, ma'ana ƙwaya biyu sun manne sun zama abu ɗaya. A kan wannan tamanin ɗin Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Mama kan ce ko ranar da aka haife ni, da warin man inji ya iso asibiti.

Na goge wa Baba farar riga da wando mai ruwan toka, na taje masa gemu, na fesa masa turaren da Mama take saya masa. Ni kuma na daɗe a gaban durowa kamar wata sabuwar budurwa. Na ɗauko doguwar riga mai ruwan zuma, na mayar, na ce ya yi yawa. Na saka baƙa mai ɗan aiki a hannu, na yafa mayafi ruwan ƙasa, na zizara kwalli, na goge, na sake zizarawa. Gwaggo tana bakin ƙofa tana kallona.

“Iska za a sha, ko?”

“Gwaggo!”

“Ni ban ce komai ba. Saka ɗan kunnen nan ƙanana, sun fi yi miki kyau.”

A mota Baba ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon titi kamar yaron da za a kai allura. Da muka shiga jami'a bai nuna alamar ya san wurin ba. Dakta yana jiranmu a bakin ginin, dogo kamar kullum, hannun rigarsa a naɗe, da baƙin mai a gefen babban yatsansa. Ya russuna har ƙasa.

“Malam, barka da zuwa.”

“Yauwa, samari. Kai ne likitan?”

Na ga abin ya soki Dakta, amma ya yi murmushi. “Ni ne mai rakiya, Malam. Bismillah.”

Ɗakin yana ƙarshen baranda, a ƙasan bene. An riga an fitar da rabin kayan, kwalaye jere a jikin bango, wurin da hotuna suka daɗe ya bar fari-fari a fenti. Amma warin yana nan, warin man famfo da ƙura mai ɗumi. Ƙarar ma tana nan, wannan bugun famfon zuƙe iska da nake yin barci da shi ina yarinya. Na'urar ta cika tsakiyar ɗakin da bututunta na azurfa da wayoyi, tukunyar argon a ɗaure da sarƙa a gefe, ga kuma akwatin da alƙalami ke zana layi a kan takarda mai naɗi.

Baba ya tsaya cak a bakin ƙofa. Na riƙe gwiwar hannunsa, na shirya juyawa da shi in ya fara rawar jiki. Sai ya karkata kai yana saurare.

“Famfon nan yana son mai,” in ji shi.

Ni da Dakta muka kalli juna.

“Na ƙara masa jiya, Malam.”

“Ka ƙara, ba ka canza ba. Ji yadda yake tari.” Ya zare hannunsa daga nawa. Dakta ya ɗauko wata farar rigar aiki daga bayan ƙofa, wuyanta ya yi rawaya don tsufa, ya riƙe masa. Baba ya zura hannuwa ba tare da ya duba ba, ya ɓalla maɓallai daidai, shi da kullum sai na gyara masa na rigar gida.

Ya zagaya na'urar yana taɓa nan, yana ƙwanƙwasa can. Ya sunkuya ya duba wani agogon awo, ya tsuke baki.

“Me kake nema?”

“Tamanin, Malam. Tun safe nake nema. Arba'in yana fitowa, shi kuwa shiru.”

“Da iska kaɗan haka? Ta ina ƙwayoyin za su gamu da juna? Ƙara argon.” Dakta ya kama wani ƙaramin makunni, ya ƙi juyawa. Baba ya ture hannunsa, ya ɗan danna makunnin ciki, ya murɗa baya kaɗan, sannan gaba. Ya juya sumul. “Haka take tun tana sabuwa. Yanzu sauke ƙarfin harbin. Sauke sosai. Mu hau a hankali.”

Alƙalamin ya kwanta yana jan layi miƙaƙƙe. Baba ya harɗe hannuwa a baya, tsayuwar da na manta yana da ita.

“Wanne ke fara fitowa, arba'in ko tamanin?”

Dakta, mutumin da ake rubuto wa wasiƙa daga ƙasar waje, ya miƙe tsaye kamar ɗan aji ɗaya. “Tamanin, Malam.”

“Saboda me? Ai shi ya fi nauyi.”

“Saboda ba sai an fizge ilektiron ɗin ba. In harbin ya tunzura ƙwayar kawai, ta ci karo da 'yar'uwarta, sai su biyun su yar da ilektiron ɗaya su manne. Wannan bai kai fizgewa cin ƙarfi ba.”

“Ashe kana karatu, Dogo.”

Dogo. Sunan da yake kiransa da shi tun yana ɗalibi. Dakta ya juya mana baya yana gyara wata wayar da ba ta buƙatar gyara.

Suka ci gaba da ɗaga ƙarfin kaɗan-kaɗan. Allurar da ke nuna ƙarfin harbin ta wuce goma sha huɗu. Ni dai ina jingine da bango, na danne mayafina a ƙirji. Sai alƙalamin ya yi ɗan rawa, ya ɗaga, ya hau kamar mai hawan tudu, ya sauko. Baba ya buga tafi ɗaya.

“Ga shi nan! Bai kai goma sha biyar ba. Auta, me kike yi a tsaye kamar baƙuwa? Zo ki gani.”

Wallahi rabon da ya kira ni da wannan sunan tun kafin damina biyu da suka wuce. Na taka na je kusa da shi. Ya dafa kafaɗata yana nuna mini tudun da alƙalami ya zana, yana bayani da sauri, ni kuwa ba na ganin komai sai ruwa.

Yana cikin nunawa sai ya tsaya. Ya kalli bayan hannunsa, jijiyoyin da suka fito, fatar da ta saki. Ya kalli kwalayen da ke jikin bango. Ya kalle ni, kallon gaske, daga goshi har haɓa.

“Kin girma,” ya ce a hankali. “Ina mamanku?”

Na buɗe baki zan ce ta je unguwa, amsar da nake ba shi kullum.

“Kar ki yi mini ƙarya. Ta rasu, ko?”

“Ta rasu, Baba.”

Ya yi mata addu'a, muka shafa. Ya jawo doguwar kujerar nan tawa ta yarinta ya zauna a bakinta. “Na sha tambayarki wannan?”

“Kana tambaya.”

“Kullum?”

Na gyaɗa kai.

“To ciwon ne. Irin na tsohuwarmu.” Ya faɗa kamar yana karanta sakamakon awo. “Wa yake kula da ni?”

“Ni ce, Baba.”

“Kantin maganin fa?”

Na sunkuyar da kai. Famfon yana ta bugawa. Sai ya juya wurin Dakta.

“Kai kuma me ya sa kake kallon 'yata haka?”

Dakta ya durƙusa a kan simintin nan mai ƙura, da wandonsa mai guga. Ya gaya masa komai, bai ƙara ba bai rage ba. Aikin, ƙasar, shekarun da za a yi, amsar da ake jira. Har da cewa na ce ba zan iya barin Baba ba, kuma shi bai ga laifina ba.

“Kana da waya mai ɗaukar magana?”

“Ina da ita, Malam.”

“Kunna. Wannan hasken da nake gani yanzu ba zai kai yamma ba, na san yadda abin yake.”

“Baba, don Allah ka bari,” na ce.

“Yi mini shiru, Auta. Ni ma in yi magana a kan abin da ya shafe ni.”

Ya gyara wuyan farar rigarsa, ya yi gyaran murya. Abin da ya faɗa na haddace shi kamar karatu.

“Yau wace rana? Alhamis. To, yau Alhamis, a ɗakin gwaji. Ni ne mahaifin yarinyar nan, kuma hankalina yana jikina. Dogo shaida ne, mun nemi tamanin mun same shi a inda ya kamata. Auta, ban haife ki don ki zama 'yar jinyata ba. In kina son yaron nan, na ba shi ke, yayanki ya tsaya a madadina. In ba kya sonsa, ki ce ba kya so, amma kar ki ce saboda ni. A kai ni gidan yayanki. Zan yi kuka, zan ƙi cin abinci, wataƙila in riƙe miki riga in ce kar ki tafi. Wannan ciwon ne yake magana. Ni ne wannan da kike ji yanzu. Allah ya yi miki albarka. Kashe, Dogo, kar batirinka ya ƙare.”

Na zube a gabansa na kifa kaina a gwiwarsa. Ya shafa mayafina yana cewa, “Haba, haba. Kin ɓata kwallinki.”

Da kansa ya kashe na'urar, abu bayan abu, yana faɗa wa Dakta wanda ake fara rufewa da wanda ake bari ya huce. Ya yage takardar da tudun ke kai ya ninke ya saka a aljihun wandonsa. Da aka kashe famfon ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ke toshe kunne. Ya cire farar rigar aikin ya rataye ta a bayan ƙofa. Kafin mu kai ƙarshen baranda na ji takunsa ya canza, ya koma jan ƙafa, hannunsa ya lalubo nawa.

Na zaunar da shi a mota na rufe, na juyo wurin Dakta. Raina a dagule yake, kuma shi ne a kusa.

“Da gangan ka yi?”

“Me?”

“Ka san abin da ɗakin nan zai yi masa. Ka kawo shi don ya faɗi abin da kake so.”

Ya daɗe yana goge baƙin man da ke yatsansa da hankici. “Na yi fatan ya gane ni ko sau ɗaya kafin a kwashe ta. Iya abin da na roƙa ke nan. Sauran ban tsara ba.” Ya ɗago. “Amma ba zan ce miki ban ji daɗi ba. Na ji. Kuma ina jin kunyar jin daɗin.”

Da ya musa da na samu abin riƙewa. Na shiga mota ban yi masa sallama ba.

Gwaggo tana falo tana ɓare lemo da muka dawo. “Yaya shan iskar?”

“Lafiya lau.”

Ta kalli idona, ta kalli Baba. Ta kwashe ɓawon ta ce za ta wuce kafin duhu. Ban gaya mata ba. Na san in maganar nan ta shiga kunnen Gwaggo da Yaya, kafin gari ya waye an gama komai ba tare da an sake tambayata ba.

Bayan magariba na kai wa Baba maganinsa. Yana zaune a bakin gado da takardar nan a hannu, yana jujjuya ta, bai san ko ta mece ce ba. Wayata ta yi ƙara. Dakta ne ya turo muryar, da rubutu a ƙasa.

“Ke kaɗai na tura wa. Ba zan ba kowa ba. In kin ce in goge, zan goge, kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Taki ce.”

Na miƙe zan fita in karanta a waje, sai Baba ya cafke wuyan hannuna. Riƙo mai ƙarfi, har awarwarona ya shige fata.

“Ina za ki? Kar ki tafi. Ban san kowa a gidan nan ba sai ke.”

“Ina nan, ba inda za ni.”

“Ki rantse.”

Na zauna kusa da shi. Idanunsa cike da tsoro, tsoro na gaske, ba wanda za a ce wa ciwo ne kawai a wuce. Ku da kuke da saurin hukunci, ku gaya mini: wanne ne ubana? Wancan mai farar riga da ya yi magana da rana, ko wannan da jikinsa ke rawa a gefena? Hannun dai na su biyun ne, kuma shi ne yake riƙe da ni.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ce, “Baba, in kunna maka wani abu ka ji?”

“Kunna.”

Muryarsa ta cika ɗakin, tsaf, ba gargada. Ya saurara da kai a karkace, yadda ya saurari famfo. Da aka zo wurin tamanin ya ɗan yi murmushi. Da aka zo wurin riƙe riga ya girgiza kai. Har ta ƙare bai saki hannuna ba.

“Wane ne wannan?”

“Wani dattijo ne, Baba. Da 'yarsa yake magana.”

“Malami ne, daga ji.” Ya dube ni. “Ba shi da lafiya?”

“Ba shi da lafiya.”

“Allah sarki. Yana son yarinyar nan ƙwarai.” Ya matso kusa, ya rage murya kamar mai ba da sirri. “Kin san ta?”

“Na san ta.”

“To ki gaya mata ta ji maganar ubanta. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya faɗi haka.” Ya ƙara damƙe hannuna da hannuwansa biyu. “Amma ke ki zauna. Ke ba za ki tafi ba, ko?”

Na gyara masa matashi da hannu ɗaya, na ja masa bargo, na zauna a ƙasa jikin gadon har numfashinsa ya daidaita. Ko a cikin barci yatsunsa ba su saki ba.

Da hannun hagu na ɗauki wayar. Rubutu da hagu wuya gare shi, sai da na yi ta gyara haruffa. Na tura wa Dakta: “Kar ka goge.”

Nan take ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Sannan na buɗe sunan Yaya. Na daɗe ina kallon hotonsa da 'ya'yansa. Na danna wurin ɗaukar murya, na yi magana ƙasa-ƙasa don kar in tashi Baba.

“Yaya, ka zo gobe da safe, kai kaɗai, kar ka biya wa Gwaggo. Ina so in ga ɗakin da ka gyara. Kuma akwai abin da Baba ya ce in kunna maka.”